Kifin Goggo

"Ba ni masu taurin rai," ta ce wa mai sayar da kifin ado. "Tankin ƙarami ne, kuma babu na'urar ɗumama ruwa."

Ya nuna mata wasu ƙanana masu jan bindi. "Waɗannan sanyi bai dame su ba. Amma Hajiya, akwai wahala fa. Duk mako sai an canza musu ruwa, an wanke gilashi. In aka yi sake, ɗaki ya ɗau ƙarni."

"Suna haihuwa?"

"Kamar me! Kafin ki ankara sun cika tankin."

"Madalla. Yawaita mini mata."

Ya dube ta, ya zuba.

Ba gida ta nufa ba, gidan yayanta ta wuce. 'Yar autarsa na ganin kifi ta daka tsalle. "Goggo, ni kika kawo wa?"

"Ke na kawo wa. Babanki ne zai riƙa wanke musu tanki, ya fi kowa iyawa. In ya ce zai bayar da su, ki yi ta kuka har ya fasa."

Yayan, wanda ko kofin shayinsa ba ya ɗaurayewa, ya ja ta gefe. "Me na yi miki?"

"Ka tuna gangar da ka saya wa ɗana? Tun ranar nake dawowa daga aikin kwana a asibiti, ban ƙara runtsawa ba."

Ta gyara mayafinta.

"Suna kai shekara biyar, Yaya. Banda 'ya'yansu."