Maƙeri da Yatsan Matarsa

Ajiye rezar nan tukuna, ɗan'uwa, tsiron da ke hannunka ba guduwa zai yi ba. Zauna ka ji misalin wani maƙeri.

Maƙerin nan matarsa maginiyar tukwane ce, tare suka tsufa. Ana nan sai tusar jaki ta fito mata, ɗan tsiron nan mai kaushi, kuma bai tashi fitowa ba sai a babban yatsanta na dama, daidai inda take shafe bakin tukunya. Duk tukunyar da ta gina sai ya ja mata layi a baki, in ta danna yumɓu kuma ya tsage ya yi jini. Abin ya dame ta ƙwarai, don maginiya in ba yatsa ai ta tashi daga aiki. Ka kuwa san mutanenmu, a ciwon wani kowa likita ne. Wata ta ce a ɗaure da gashin wutsiyar doki, to tsiron ba shi da wuya balle a shaƙe shi. Wata ta kawo ruwan tinya aka ɗiga, ya cinye lafiyayyar fatar da ke gefe, ya bar tsiron zaune daram. Wanzami ya sa aska ya yanke, damina ba ta fita ba sai ga shi ya dawo, har da 'yan rakiya.

Ran maƙeri ya ɓaci. Shi a iya saninsa ba abin da ya gagari wuta. Ya ja zugazugi, ya sa tsinken ƙarfe har ya yi jawur, ya ce ta miƙo hannu. Ta miƙo kuwa ba musu, ta kau da kai ta runtse ido. Da ya kama yatsan ya ga tabon tinya da na aska, sai tausayi ya kama shi. Ƙarfe in ya lalace a mai da shi wuta a sake, amma yatsa in wuta ta kai ga jijiya ya sandare ke nan. Ya tsoma ƙarfen a ruwa, ya ce ta ɗauko mayafinta su tafi asibiti.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce hanya biyu ce. Ko su je birni a daskarar da tsiron da wani irin sanyi mai ƙuna, ya yi bororo ya faɗi, wataƙila ma sai an koma an sake. Ko kuwa magani a 'yar kwalba: kullum a jiƙa yatsan a ruwan ɗumi, a goge mataccen saman, a ɗiga a kan tsiron kaɗai, a ɗaure. Wannan ba shi da zafi sosai, sai dai cin rai, don sai a shafe watanni, da yawa gajiya suke yi su watsar. Maƙeri ya dubi yatsan da ya riga ya sha azaba, ya ce a ba su na kwalbar.

Ita idonta ya yi rauni, ba ta iya saita ɗigon, sai aikin ya dawo kansa. Kullum bayan la'asar ya rufe maƙera, ya wanke gawayin hannunsa, ya zauna a tabarma da yatsanta cikin ƙaton hannunsa mai kanta, yana gogawa da ɗan dutse a hankali, yana ɗiga magani da tsinken tsintsiya. Sau nawa ya ji kamar ya yi jifa da kwalbar, don tsiro na nan kamar ado ake yi masa. Da ma su zamansu irin na tsofaffi ne, ba faɗa ba hira. To amma ba a riƙe hannun mutum a yi ta shiru. Sai magana ta fara fitowa, ta 'ya'yan da suka yi nisa, da wanda suka rasa tun yana goye, wanda ba su taɓa zama sun yi zancensa ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata rana ya kwance ƙyallen, ya juya yatsan nan, ya nemi tsiro ya rasa. Fata ta yi sumul, har zanen yatsa ya dawo. Daɗi ya kama shi, ya ce, "Alhamdu lillahi, gobe sai ki koma kan tukwanenki."

Ba ta janye hannun ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, duba da kyau dai, ina jin da saura."

Ya sani sarai ba sauran komai. Ya tashi ya je ya ɗumamo ruwan.

To ka ji. Ya nemi yatsa, ya samu yatsa, ya samu har abin da bai nema ba. Shi ya sa Hausawa suka ce mahaƙurci mawadaci.