Ƙarin Minti Goma

Na manta shekarar da abin ya faru, na manta ko da damina ne ko da rani. Kwanakin nan abubuwa suna zubewa daga kaina kamar hatsi a hudajjen buhu. Amma ban manta ƙamshin bota ba, ban kuma manta maƙwabcina tsohon kuku ba. Shekara arba'in ya yi yana shugabancin kicin a wani babban otal, ya yi ritaya bai yarda akwai wanda ya iya tafasa ruwa in ba shi ba.

Abu ɗaya na taɓa jin ya yaba, wato bulondin ƙaramin kantin da ke bakin layinmu. Wani shimfiɗaɗɗen kek ne mai launin zuma, da ƙwayoyin cakulan a ciki, ana yanka shi murabba'i. Daɗinsa duk a danƙonsa yake. Kowace Talata da Juma'a sai ya sayi biyu, kuma yakan zaɓi wani yanki mai karkatacciyar kusurwa. A cewarsa, wannan karkatar ita ce sa hannun gwani.

Autarsa ce ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Mace ce marar hayaniya, ita ke shirya shi zuwa wurin likitan gwiwa duk Litinin da Alhamis da safe. Idan ya dawo da azahar yakan tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya ji ƙamshi, ya ce ai maƙwabciyarsu da ke zaune a saman bene ce ta sake ɓarnar bota. Yana da doka tun 'ya'yansa suna ƙanana: ba mai sayar da abinci daga gidansa sai ya yarda da hannunsa. Har suka girma bai yarda da hannun kowa ba.

A kicin ɗin gidan akwai obin na gasa kek, na marigayiya matarsa, tsoho amma lafiyayye. Ƙanwar kukun ta daɗe tana roƙonsa ya ba ta shi. Rannan ya yanke hukunci: ranar Asabar Auta za ta gasa bulondi a gabansa. In ya kamo ƙafar na kanti, obin ya zauna. In bai kamo ba, a kai wa mai amfani da shi. Ni aka kira shaida, watakila don ba ni da aikin yi.

Ta narkar da bota, ta zuba jan sukari, ta juya har ya yi sheƙi. Ta bari ya huce kafin ta fasa ƙwai biyu. Fulawa ma ba ta auna ba, da ido ta zuba, ta juya sama-sama. Shi kuwa yana kan kujera, sanda a tsakanin ƙafafunsa, yana tsaki.

"Kalli yadda take juyawa, malam, kamar mai tsoron kwanon. Wannan tiren kuma fa? Ko a bola aka tsinto shi?"

Tiren na mahaifiyarta ne, ya taɓa faɗuwa ya lotsa ta gefe ɗaya. Ta watsa cakulan ta saka a obin.

Bayan kamar minti ashirin da biyar ta fito da shi. Gefe ya yi ja, tsakiya kuma da ɗan taushi. Kukun ya zaro tsinke daga aljihun rigarsa, ya soka a tsakiya, ya ɗaga shi sama kamar alƙali ya kama shaidar zur. Akwai ɗan danshi a jiki.

"Ɗanye. Mayar da shi, ƙara minti goma."

"Baba, wannan ba irin kek ɗin otal ba ne. Idan ya huce zai kama jikinsa. Ai na kantin ma…"

"Kada ki sa bakinki a na kantin. Kin san wanda ke yin sa? Shekara arba'in ban taɓa fitar da kek tsinke bai fito fes ba. Mayar!"

Ta dube shi, ta dubi obin ɗin, ta mayar.

Abin da ya fito bayan minti goma ya kama tiren ƙam. Da wuƙa aka ɓamɓare shi gutsure-gutsure, ko yanki ɗaya bai fito da siffarsa ba. Kukun ya ƙwanƙwasa wani a kan tebur, ya yi dariya, ya ce a ajiye ko za a buƙaci tubali. Sannan ya kwance takarda, ya fito da na kanti da ya rage tun jiya, ya tura mata.

"Ci, ki ji yadda masu hannu suke yi."

Ta ci kuwa, a tsaye, a hankali, har ta cinye.

Washegari mutum biyu suka zo suka ɗauke obin ɗin. Wurin da ya zauna ya bar fari a jikin bango.

Ranar Talata kukun ya dawo daga kanti hannu wayam. Ranar Juma'a ma haka. Daga tagata na ji shi yana zazzaga wa mai kanti masifa, wai mutanen yanzu ba su san darajar gwani ba, sun samu ɗaya tilo sun bari ya kuɓuce musu.

Ni dai ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, shi ya sa bayan 'yan kwanaki na taka da kaina na tambayi mai kantin, na kuma rubuta amsarsa a takarda, ga ta nan a gabana. Ya ce wata baiwar Allah ce ke kawo masa duk Litinin da Alhamis kafin azahar, a cikin wani tire mai lotsattsen gefe, kuma ta aiko cewa ta daina, don mahaifinta ya kyautar da obin ɗin.