Mai Sayen Baƙaƙen Motoci

Da Alhaji Zaharaddeen ya iso Tsafe da motar janwe, tsohuwar motar da ya zo saya, Charger, ba ta nan. Abin da ya tarar a gindin darbejiya shi ne shacin tayoyi huɗu, da injin mai silinda takwas a kan bulo, an lulluɓe shi da buhu.

"Jiya aka ɗauke ta," in ji mai gidan. "Wani dattijo ne a kan keke. Ya ce aiko shi aka yi."

Karo na uku ke nan.

Alhaji mai manyan motoci ne a Gusau, amma zuciyarsa ba ta cikin tireloli. Tun yana ɗan makaranta a Rawayya, ranar da wani Ba'amurke mai haƙa rijiyoyin burtsatse ya wuce da wata doguwar mota mai ruri kamar hadari, ya kamu. Irinta bakwai suka rage a yankin, na 'yan kwangilar zamanin arzikin mai. A 1998, da layin fetur ya kai kwana uku, ba mai son motar da ke shanye jarka kafin ta fita unguwa. Masu su suka bar wa kaji. Alhaji ya rantse sai ya haɗa bakwai ɗin a garejinsa.

Ya samu jar Mustang. Ya samu farar Camaro, ba wanda ya ko taya. Ya samu baƙar Pontiac, ya shekara yana gyaranta har ta tashi. Daga nan sai wani ya fara riga shi.

Duk inda ya je labarin ɗaya ne. Dattijon da tsakar rana yake zuwa. Ba ya tambayar takardu, ba ya leƙa ciki, ba ya cewa a tayar. Sai ya auna bonet da kamu, tsawo da faɗi, ya ɗora tafin hannu a kai. In ya janye hannun da sauri, ciniki ya faɗa. Sharaɗinsa ɗaya: a cire injin, nauyi ne.

"Wannan ƙwararre ne," Alhaji ya gaya wa bakanikensa Idris. "Da hannu yake jin ingancin ƙarfe. Kuma yana da injuna na asali daga Amurka, shi ya sa yake raina namu."

Ya zargi wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Kano. Ya zargi wani kanar mai ritaya. Tireloli biyu suka lalace a hanyar Funtuwa bai je ba. Ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina zuwa ƙauye. Kuɗin wata-wata na mahaifiyarsa ma direba ke kaiwa. Matarsa Asiya ta ce ko a salla ta ji yana cewa "silinda".

Da ta huɗun ta kuɓuce masa a Kwatarkwashi, Idris ya lura da abin da Alhaji bai lura ba: duk baƙaƙe ne.

Suka shirya tarko. Ranar kasuwar Bunguɗu aka ajiye Pontiac a bakin titi, Idris ya zama mai ita, Alhaji ya ɓuya a rumfar mai shayi da rawani har hanci. Rana na take tsakiya sai ga keke. Dattijon, wanda ya ce sunansa Malam Adamu, ya auna, ya ɗora hannu, ya fizge shi yana yarfewa.

"Wagga ta fi su duka," ya ce. "A hidda injin."

Idris ya waiwayi rumfar. Shekara guda ta wahala ce a cikin injin nan. Alhaji ya runtse ido, ya gyaɗa kai. Yana ji ana kwance notocin ɗaya bayan ɗaya, shayinsa ya huce a hannu.

Ya zaci tirela za ta zo. Shanun huɗa biyu aka kawo.

Haka aka kama hanya: shanu a gaba, Pontiac a tsakiya, Malam Adamu a kan keke, Alhaji can baya cikin fijo a giya ta ɗaya, ruwan lagireto na tafasa. Awa huɗu idonsa na kan ɗuwawun motarsa, bai dubi dama ko hagu ba. Yana ta shirya abin da zai faɗa wa abokin gabar nan. Zai fara da girmamawa, masani da masani. In ta ƙi, akwai lauya.

Bayan la'asar shanun suka kewaya ta bayan wani gari suka shige wani fili mai dangar kara. Alhaji ya fito, ya leƙa.

Ga motocin nan su huɗu a jere, a kan duwatsu, an goge su tas, duk sun fuskanci inda rana ta fi duka. Amma an yi musu aika-aika: kowace bonet ɗinta ya koma ja jawur, mai kurji-kurji, kamar aikin fentin makaho.

Ya ture dangar ya faɗa ciki. Ya dafa Charger da hannu biyu.

"Ina mai motocin nan? Ya fito! Wane jahili ne ya yi wa Charger wannan fenti?"

Fentin ya motsa a ƙarƙashin hannunsa, da laushi, da ɗumi, da 'ya'ya.

Daga bayan Charger wata tsohuwa ta miƙe da faifai a hannu, ta ƙare masa kallo daga rawani har takalmi.

"Wata goma sha ɗaya ba ka zo gaida uwarka ba, Zaharaddini," in ji Iya, mahaifiyarsa, "kuma da ka zo sai ka dafe min tumatirin da nake shanya?"