Tangaɗin Ladani

"Jininka tas yake, Malam," in ji mai gwajin jini a Gwarzo. "Yaushe rabonka da alkama?"

Tun bara ladanin ke tangaɗi, harshensa na sarƙewa a tsakiyar kiran salla. Zamanin Shari'a ne, don haka mutanen unguwarsu a Kabo ba su sha wahalar gano cutar ba. Suka ce giya ce, suka karɓe lasifika. Wani likita ne ya ce wataƙila alkama ke taɓa masa jijiyoyi, ya je a gwada, ko ya wanke kansa.

"Tun da burodi ya fi ƙarfin talaka," in ji ladanin.

"Shi ya sa. Sai kana ci gwajin ke nunawa. Je ka ci na 'yan makonni, ka dawo."

Wato dole ya sake tangaɗi a gaban jama'a, don su yarda bai sha ba.

Ya koma gida yana tafiya a miƙe, kamar yadda yake yi tun da ya daina cin burodi. A ƙofar masallaci liman ya rungume shi.

"Alhamdu lillahi, Malam, mun ga ka tuba. Gobe kai za ka kira asuba."



"Allah ya kai mu," in ji ladanin.