Ranar da Titi Ya Yi Shiru

Ranar da aka hana motoci shiga tsakiyar gari, masu shaguna suka fito da kujeru, tsoho mai gyaran agogo ya buɗe murya kamar kullum:

"Ni da tirela ta taka, na tashi na kaɗe riga! Gobara ma ƙofata ta iso, ta gaishe ni, ta juya!"

Tela maƙwabcinsa ya tsayar da keken ɗinki.

"Baba, ashe abin da kake faɗa ke nan shekara da shekaru? Kai kawai muke gyaɗawa, ƙarar motoci ba ta barinmu ji."

Gaban tsoho ya faɗi, yana jiran dariya. Sai masu wucewa suka fara jawo kujeru.

"Baba, ɗauko mana daga farko."