Ruwan Lagireto

Ban fi shekara bakwai ba ranar da sabuwar akori-kurar Baba ta mutu mana cikin yashi, gab da ƙauyen ƙanwarsa a ƙasar Gwiwa. Ya buɗe gaban motar ya leƙa, ya miƙo mini galan mai warin fetur.

"Uwata, ruga gidan Gwaggonki ki ɗebo wa lagireto ruwa. Ina nan ina jiran ki."

Na ruga ina murna. Da na dawo, zanena sharkaf, sai na tarar da sawun taya da ƙullin kayana a gindin aduwa.

Gwaggo ta dafa ni ta baya. "Motar lafiyarta ƙalau. Riƙonki aka ba ni."

Yau har da jikokina, amma wanda duk ya ce yana jira na, idona na kansa, ba na juya masa baya.