Mutumin da Ya Rasa Matarsa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Juma'a Garland Teague ya faɗo ofishin ajiye takardu na gundumar, rigarsa sharkaf da gumi. Gunduma ta goma sha biyu ke nan da ya taka cikin sati uku, kuma ita ce ta ƙarshe da ta rage masa. Da ƙarfe biyar za a rufe.

Ba irin rufewar kullum ba ce. Wata guda ke nan majalisar jihar na cacar baki a kan lasisin bindiga. Wasu sun ce a bar jama'a su ga sunan duk wanda aka ba, wasu sun ce tonon silili ne. Kafin a kaɗa ƙuri'a ranar Litinin, an umarci gundumomi su daina ba da jerin sunayen daga biyar ɗin yau. Wanda bai samu ba, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Misis Odessa Krebs ta shekara talatin da ɗaya a bayan wannan kanta, kuma aƙidarta ɗaya ce tak: takardar hukuma ta jama'a ce. Sai dai yau ta gaji, har ta rataya jaka.

"Madam, ki taimake ni," in ji Garland. "Jerin waɗanda aka ba lasisi nake so, na shekara biyun nan."

"Kai ma? Tun safe 'yan jarida ke mini sintiri kamar ina rabon alewa. Doka ta ba ni kwana biyar kafin in amsa, ɗan nan. Ungo, cike takarda."

"Kwana biyar ɗin ne ba ni da su."

Ya buɗe wani fayil mai kauri, cike da alƙaluma da zane-zane, ya ce minti uku aka ba shi ya yi magana gaban kwamitin majalisa ranar Litinin. Garin sauri takardun suka zube ƙasa. Misis Krebs ta dube shi ta saman tabarau. Idanunsa sun faɗa, gemu ya yi buzu-buzu, wando na neman suɓuce masa daga ƙugu.

"Me ya yi zafi haka?"

"Na rasa matata."

Ya zaro hoto daga aljihun ƙirji ya ajiye mata. Mace ce siririya, tana dariya a bakin wani tafki. Ya ce sunanta Marlys.

"Bindiga?" ta tambaya a hankali.

"A ɗakin girkinmu. Shekara biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Tara ga Maris aka haife ta. Duk ranar sai in sayo kek ɗin lemon da take so, in tasa shi gaba, in kasa ci."

Misis Krebs ta binne nata mijin shekara shida da suka wuce, ta san yadda kujerar da ba kowa take cin rai. Tausayi ya kama ta. Ta sauke jakar.

Na'urar buga takardu kuwa, kamar jira take, ta cije a shafi na tara. Biyar saura ashirin. Garland ya dafe kantar da hannu biyu yana kallon agogon bango, leɓensa na motsi. Tana fama da murfin na'urar sai ga shugaban ofishin, Mista Ruud, ya leƙo da makullai a hannu.

"Odessa, ki bar shi mana. Umarni umarni ne."

"Umarnin biyar ya ce. In naka agogon gudu yake, nawa bai kai ba. Je ka sha kofinka."

Ta fizgo takardar da ta maƙale, ta juyo ga Garland. "In na cire layin adireshi da na ranar haihuwa, zai fi sauri. 'Yan jaridar ma adadi kawai suka nema."

"A'a! Don Allah bar su." Ya tare ta da hannu. "Da su ake gane shekarun mutane da unguwanninsu."

Ta ga maganarsa da hankali, ta bar su.

Biyar saura minti huɗu ta miƙa masa shafi arba'in da ɗaya, da ɗuminsu. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Je ka faɗa musu gaskiya, ɗan nan. Allah ya ji ƙanta."

Bai ce amin ba. Ta ɗauka kuka ne ya toshe masa maƙogwaro.

A cikin motarsa ya wurga fayil ɗin alƙaluman kujerar baya, kan wani dogon abu da ke naɗe cikin bargo. Bai ƙidaya kowa ba, sunayen ma bai duba ba. Layi ɗaya yatsansa ke bi daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ya bi shi a gundumomi goma sha ɗaya ya tashi a tutar babu. Shafi goma ya wuce, ashirin ya wuce, gumi na ɗiga a kan takardar.

A shafi na talatin da uku yatsan ya tsaya. Tara ga Maris, shekarar ma daidai. Sunan baƙo ne, wai Joyce Lindahl. An ba ta lasisin wata uku bayan abin da ya faru a ɗakin girki. Gidan na kan wata hanya bayan tafki, tafiyar minti ashirin kacal.

Garland ya sumbaci hoton, ya tada mota.

Marlys ta canza suna, ta canza gari, ta bar komai ta tsere wa bakin bindigarsa, amma ranar da ta je neman tata don ta kare kanta daga gare shi, doka ta ce sai ta rubuta adireshinta na gaskiya.